An ce an ware, to nawa ya fita?

Duk shekara haka ake mana a nan Kamaru. Wajen ƙarshen Disamba ko farkon Janairu majalisar gudanarwar jami'a ta zauna, a jera manya da kwat da babbar riga a ɗauki hoto, da yamma ka ji a rediyo an ce jami'a kaza ta amince da kasafin biliyan kaza, wai ya ɗara na bara da kashi kaza. Mu kuma mu bi Facebook muna Allah ya sa albarka, Allah ya ƙara ɗaukaka, daga nan an rufe babin sai baɗi. In an yi sa'a can tsakiyar shekara ka ji an sake zama an amince da lissafin bara, a faɗi lamba guda dunƙulalliya, an aiwatar da kashi kaza, kowa ya kama gabansa. Abin da ba ya isowa kunnenmu mu masu biyan kuɗin rajista shi ne nawa aka rubuta wa fakulte ɗin kimiyya kuma nawa ya fita, nawa aka rubuta wa masu karatun shari'a kuma nawa ya fita, likitanci fa, likitan dabbobi fa, tarihi da harsuna fa. Layi biyu kacal gefe da gefe, abin da aka ce da abin da aka yi, fanni fanni. Shi nake nema, kuma a kansa zan ɗan cinye muku lokaci yau.

Ni dai ba malamin jami'a ba ne, kar wani ya ce ɗan ciki ne ya zo tonon silili. Lisans ɗina a tarihi ne, na rubuta konkur, jarrabawar gasar neman gurbi, har na gaji na haƙura, yanzu shekara bakwai ke nan ina riƙe da littafin shagon Kawu a babbar kasuwar Garwa, shinkafa, sukari, man girki, sabulu. Kawu bai taɓa shiga lakwal ba, allo ya yi, amma duk ɗan lissafin da na iya a gabansa na koye shi. Akwai ranar da ya aiki wani yaron shago Ngaundere da kuɗin kaya, yaro ya dawo ya tsaya yana zayyana masa, Alhaji ka ba ni kaza na sukari, kaza na mota, kaza na 'yan dako. Kawu ya bar shi ya gama tsaf yana ta jan carbinsa, sannan ya ɗago ya ce "Kai yaro, ni na ƙirga maka kuɗin nan da hannuna, na san abin da na ba ka. Me ka sayo, ina kayan, ina canji?" To wallahi duk sanda na ji sanarwar kasafin jami'a sai yaron nan ya faɗo min a rai, ana ta karanto mana abin da aka bayar, ba wanda ya tashi ya ce ga kaya ga canji.

Autarmu ce ta tayar min da wannan maganar. Tana shekara ta biyu a nazarin halittu a wata jami'a, ba sai na kira suna ba don ba faɗa na fito yi da kowa ba. Ni nake biya mata jaka hamsin ɗin rajista, wato sefa 50,000, ashirin da biyar sau biyu, ban da kuɗin ɗaki, ban da kuɗin kalando, wato babur ɗin haya, ban da farar rigar labo da aka ce dole kowa ya ɗinka. Wata rana na kai mata saƙo daga Inna na tarar suna labo ana TP, wato darasin gwaji, sai na tsaya ta taga ina kallo. Mikiroskop huɗu na ƙirga a kan teburi, biyu ne masu rai, ɗalibai kuwa sun fi talatin an ja layi kamar layin famfo da bazara, kowa ya kafa ido ɗaya na 'yan daƙiƙu a ce masa "ka gani ko?" ya ce "na gani", na baya ya ture shi ya matso. Da ta fito na ce mata to likita me kika gani, ta fashe da dariya ta ce "Yaya, wallahi gashin idona na gani." Sauran darasin a allo aka ƙarasa shi, malam ya zana musu abin da ya kamata su gani da a ce akwai sinadarin da ake rina ƙwayar da shi, su kuma suka kwafe zanen tsaf suka miƙa a matsayin rahoton gwajin da suka yi.

Akwai wani dattijo mai kula da labo ɗin, makullai a rataye a wuyansa, na durƙusa na gaishe shi na ce "Baba, wai ba a ware muku kuɗin kaya ba ne?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce "Ɗana, an ware mana. Duk shekara ana ware mana. Kuɗinmu suna nan lafiya lau a takarda." Ya buɗe min firigo ya nuna min kwalabe, wasu kwanan watansu ya wuce da daɗewa, wasu ya ce zafi ne ya kashe su tun watan Afrilu lokacin da ake yini ba wuta, gurup ɗin, wato janareta, kuma ba mai.

Daga ranar na shiga tambayar waɗanda suka san aikin gwamnati yadda kuɗi yake tafiya daga takarda zuwa hannu, kuma abin da na fahimta ya kamata duk mai ɗa a jami'a ya san shi. Kuɗin hukuma a ƙasar nan sai ya taka matakala huɗu kafin ya fita. Da farko a ɗaure shi a kan wani aiki, abin da suke kira angajman, daga nan a tabbatar an kawo kayan ko an yi aikin kuma ga adadin bashin, sannan mai iko ya sa hannu a takardar umarnin biya, a ƙarshe ajan kontabl ya biya, shi ne kaɗai mai taɓa kuɗin, a tsakani kuma ga kontrola na ma'aikatar kuɗi da sai ya buga tambarinsa. To a nan wayon yake. In aka ce maka an aiwatar da kasafi kashi casa'in, ka tambaya a wace matakala aka tsaya aka ƙirga, don kuɗin da aka ɗaure daban, wanda aka sa wa hannu daban, wanda ya shiga aljihun mai kaya daban, kayan da suka sauka a labo kuma wani zance ne can. Ana iya ɗaure kuɗin mikiroskop a Yuli, a rubuta shi cikin abin da aka aiwatar, ɗan kasuwar bai ga sisi ba har shekara ta zagayo, shi kuma tunda ba wawa ba ne ya ce sai ya ga kuɗin wancan kayan kafin ya kawo na gaba. Ba wanda ya yi ƙarya a takarda, amma yarinya gashin idonta take gani.

Abin da ya fi damuna, giɓin nan tsakanin abin da aka rubuta da abin da ya fita ba daidai yake faɗa wa kowane fanni ba, kuma shi ya sa lamba guda dunƙulalliya take ɓoye gaskiya. Dubi kalanda kawai. Shekarar karatu Oktoba take farawa, shekarar kasafi kuwa Janairu, wato zangon farko kusan duka a kan wutsiyar kasafin bara ake yin sa, daidai lokacin da ake rufe ɗaure kuɗi. Sabon kasafi kuma ba ranar 2 ga Janairu yake fara fita ba, sai an ƙaddamar, sai takardu sun zagaya, sai baitulmali ta saki kason farko na tallafin gwamnati. In kayan da ake so babba ne sai an yi kiran tayi, kwamiti ya zauna, a buɗe ambulan, wanda ya faɗi ya kai ƙara, wanda ya ci ya je neman bashi a banki, ya yi oda daga Faransa ko Sin ko Dubai don ba a ƙera mikiroskop a Garwa, kaya su zo tashar Duwala su kwana wurin kwastan, daga nan a ɗora su a jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundere, in na Garwa ne a gangaro dutsen nan mai cin motoci kusan kilomita 280, in na Marwa ne a ƙara wasu sama da 200. Kafin kwali ya sauka ɗaliban da aka saya dominsu sun yi jarrabawa sun tafi hutu. Kuma wasu sinadaran ma ba sa son zafi, ga mu a ƙasar da Maris da Afrilu zafi yake haura digiri 40, wutar kuma in ruwan dam ɗin Lagdo ya ja baya kowa ya san yadda ake rabonta, duk da dai tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun ɗan rage mana wahala. Malamin shari'a in an jinkirta masa kuɗi zai shiga anfi, babban ɗakin lacca, ya yi darasinsa da muryarsa, da wahala dai amma zai yi. Malamin kemistri ba zai iya haɗa sinadari da murya ba.

A gefe guda kuma akwai layukan da ba sa taɓa makara. Man mota, kuɗin misiyon zuwa Yawunde, seminer a otal da kuɗin zama, shayi da lemo na taro, fentin ofis, waɗannan ba kwastan ba jirgin ruwa, sa hannu biyu uku kuɗi ya fita. Ga kuma sanannen "4,9" da duk ɗan Kamaru ya san shi, tunda abin da bai kai miliyan 5 ba ana iya sayensa da takardar oda kawai ba sai an yi kiran tayi ba, sai ka ga komai ya zama miliyan huɗu da dubu ɗari tara. Ban ce duk mai yin haka ɓarawo ba ne fa, wani dwayan ɗin, wato shugaban fakulte, tsakani da Allah hanya mai sauri yake nema don aiki ya tafi. Amma ka duba abin da tsarin yake haifarwa, abin da yake da sauƙin saye shi ake saye, takarda, tawada, kujeru, labule, abin da yake da wahalar saye kuma shi ne ainihin abin karatun a ɗage shi zuwa baɗi, baɗi ma a sake rubuta shi a kasafi da sabon kwanan wata, a sake yi mana sanarwarsa mu sake tafi. Na'ura ɗaya ana iya ware mata kuɗi sau uku ba ta taɓa zuwa ba, in kasafi kawai kake karantawa sai ka ɗauka guda uku ne a labo.

Sai maganar wa yake kawo kuɗin, wadda ita ba a son taɓa ta. Tun gyaran 1993, lokacin da aka fasa jami'ar Yawunde guda ɗaya aka yi jami'o'in gwamnati shida har da ta Ngaundere a Dang, aka soke burs, tallafin kuɗin da ake ba ɗalibai, aka sa kuɗin rajista 50,000, kuma yau sama da shekara talatin lambar nan ba ta motsa ba, alhali a 1994 an karya darajar sefa da rabi, kayan labo kuwa duk da kuɗin waje ake sayensu. Marwa ta samu tata jami'ar a 2008, Garwa a 2022, ɗalibai sun ninka, ga 'yan'uwanmu na Cadi da suke cika Dang da Marwa. To wannan jaka hamsin ɗin kai ake ƙirgawa, kuma kawuna suna fakulte ɗin adabi da shari'a da tattalin arziki, inda ake cusa ɗaruruwa a anfi guda wasu a kan taga. Mu ɗauka misali kawai, fakulte mai ɗalibai 5,000 ta tara miliyan 250, makarantar da ake shiga da konkur mai ɗalibai 300 ta tara miliyan 15 in a kan wannan farashin ne, alhali ita ce mai buƙatar injina da sinadarai da gonar gwaji. Dole a ɗebo daga can a zuba nan, ko ta tallafin gwamnati ko ta kason da ofishin shugaban jami'a yake riƙewa. Ni ban ƙi wannan ba ko kaɗan, muna son likitoci, muna son likitan dabbobi a ƙasar da shanu ne dukiyarta, muna son injiniyoyin abinci irin waɗanda makarantar ENSAI ta Ngaundere take yayewa da masu ilimin ma'adinai na Meiganga da Kaele, in kuɗin ɗan tarihi zai sayi mikiroskop na yafe duniya da lahira. Abin da ba zan yafe ba shi ne a rage wa ɗan tarihi da sunan labo, labo ɗin kuma ya ce bai gani ba. To ina ya tsaya a hanya? Ba yadda za a yi a sani sai an jera layukan nan biyu fanni fanni.

Kuma bari in ɗan kare gidanmu, don akwai wata magana da ake yi wai mu masu adabi da tarihi alli da allo sun ishe mu. Wallahi ba haka ba ne. Lokacin da nake karatu littattafan da muke dogaro da su fotokopi ne na fotokopi, har wasu layukan sun goge sai dai ka cika da hasashe, fita binciken fili kuwa da aka rubuta a tsarin karatu sau ɗaya muka yi shi cikin shekara uku, shi ma karo-karo muka yi muka ɗauki mota. Alhali mu ne muke zaune a kan tarihin lamidodi, ga takardun ajami a gidajen malamai gara tana ci, ga tsofaffin da suka riƙe labarin zuwan Jamus da Faransa daga bakin iyayensu suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ɗan nazarin zamantakewa da yake son ya san yadda rayuwa take a sansanin Minawao kusa da Mokolo sai ya je can ya zauna, ɗan jogarafi mai nazarin ambaliyar Yagwa da Maga sai ya shiga kwalekwale, duk kuɗi ne. Bambancin kawai, in an hana labo kuɗi ana ganin kwalba ba komai a ciki, in an hana mu ba abin da ake gani, sai dai a wayi gari ɗalibi ya rubuta kundin digiri a kan ƙauyen da bai taɓa takawa ba. Namu giɓin shiru yake yi, shi ya sa ma ya fi buƙatar a rubuta shi da lamba.

Wani abin kuma da mutane ba su lura da shi ba, albashin malaman dindindin ba a cikin kasafin jami'a yake ba, ma'aikatar kuɗi ce take biyansu kai tsaye daga Yawunde, don haka lambar da ake faɗa mana a rediyo ba ita ce duk abin da ƙasa take kashewa a kan jami'ar ba. Abin da yake wuyan jami'a shi ne ƙananan ma'aikata, da malaman haya, da kuɗin ƙarin awowi, da na duba kundi da zaman juri, kuma waɗannan ne suke taruwa su zama abin da malaman suke kira bashin akademik, wanda ƙungiyarsu SYNES ta sha yin barazanar yajin aiki ko ma ta yi a kansa. Wannan bashin ma ai fanni fanni yake, don fakulte mai ɗalibai dubbai da malamai kaɗan ita ce take rayuwa da ƙarin awowi. An rubuta za a biya, ba a biya ba, malam ya riƙe maki, ɗalibi ya rasa konkur saboda takardar sakamako ba ta fito ba, kuma a lissafin ƙarshen shekara duk wannan ya narke cikin lamba guda.

Kun tuna kwamfutocin PB HEV, laftof ɗin da gwamnati ta ba ɗaliban jami'a kyauta? Guda 500,000 aka yi alƙawari a 2016, bashin biliyan 75 daga Sin, aka bi ɗalibai aka raba. Ni ban raina kyauta ba, wasu da ita suka fara taɓa kwamfuta a rayuwarsu. Amma abin ya nuna yadda ake kallon jami'a daga sama, kamar ɗalibi ɗalibi ne kawai, abin da ɗan shari'a yake buƙata shi ɗan kemistri yake buƙata. Wanda yake da lissafin fanni fanni a gabansa zai san cewa wani intanet da laburare ne matsalarsa, wani kuma lita goma ta sinadari da firigo mai batir.

Na san abin da za a ce min, don na yi wannan gardamar da wani abokina da yake aikin ofis a harkar kuɗi har shayinmu ya huce. Ya ce in aka liƙa lambobin nan za a haɗa fakulte faɗa, kowa ya ce an fifita wane, ɗalibai su fito zanga-zanga a kan abin da ba su fahimta ba. Ya ce kuma sau da yawa laifin ba na jami'a ba ne, tallafin ne bai sauko daga baitulmali a kan lokaci ba, ko a yanke shi a tsakiyar shekara kamar yadda aka yi wa kasafin ƙasa gaba ɗaya a Yunin 2020 lokacin korona, da aka zabge sama da biliyan 500. Na ce masa to ai ka kawo hujjata da bakinka, in laifin na Yawunde ne layi na biyu shi zai wanke dwayan, a ga an rubuta masa kaza an sakar masa kaza, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Yanzu da ba a nuna komai ai kowa ake zargi, mai gaskiya da marar gaskiya duk an haɗa su a kwando ɗaya ana cewa sun ci, kuma faɗan da yake tsoro ana yin sa dama, a ƙarƙashin bishiya da grup ɗin WhatsApp, da jita-jita maimakon lamba. Inda na ba shi gaskiya wuri ɗaya ne, da ya ce in aka mayar da kashi nawa aka kashe abin gasa, to kowa zai ruga ya ƙone kuɗi a Nuwamba a kan shirme don a ce ya kai kashi ɗari. Haka ne, wannan yana faruwa, shi ya sa ban da lambar kuɗi ina son a rubuta abin da ya iso da sunansa, mikiroskop nawa, littafi nawa, TP nawa aka tsara nawa aka yi da kaya a hannu, fita fili nawa. Kawu ma ai ba canji kaɗai ya tambaya ba, cewa ya yi ina kayan.

Kuma ba wani sabon abu na ƙirƙiro ba. Tun 2013 ƙasar nan ta koma kasafi na shiri-shiri, wanda aka ce kowane kuɗi a ɗaura shi da manufa da abin auna sakamako. A Yulin 2018 an yi doka guda a kan bayyana gaskiya a harkar kuɗin jama'a, ma'aikatar kuɗi har ɗan littafin kasafi take fitarwa don talaka ya karanta. Ayyukan BIP, kasafin gwamnati na ayyukan raya ƙasa, ana buga jerinsu gari gari, ana zama a matakin jiha da na yanki a faɗi kashi nawa aka yi a ƙasa kashi nawa aka biya, magajin gari ya tashi ya yi bayanin rijiyar da ba a gama ba. Kotun lissafi ta bi kuɗin korona biliyan 180 ta fitar da rahoto a 2021 kowa ya karanta ya riƙe baki. To in ana iya tsayar da magajin garin ƙauye a kan rijiya, me zai hana gidan da ake koyar da lissafin kuɗi da dokar kuɗin jama'a ya liƙa takarda ɗaya a babiyar, wato allon sanarwa? Takardun fa suna nan, duk shekara ana haɗa lissafin gudanarwa ana kai wa majalisa, ajan kontabl yana da nasa, kowace fakulte tana da nata layukan, aikin awa biyu ne a kwamfuta a ciro shafi guda. A kan babiyar ɗin nan ake liƙa sunayen waɗanda ba su biya kashi na biyu ba, da ja ake zagaye su, ba wanda ya taɓa cewa hakan zai jawo fitina.

Makon jiya na je banki na biya wa auta kashi na biyun, na yi awa biyu a layi, aka ba ni resi mai tambari uku, sunanta, lambarta, fanninta, 25,000 ba ragin ko dala. Na kawo wa Kawu ya gani don shi ya ranta min rabi, ya juya takardar gaba da baya ya ce "To mu sun san lissafinmu har da tambari, su nasu fa?" Ban ba shi amsa ba na ci gaba da ƙirga katan ɗin sabulu. Da daddare sai ga saƙonta, wai Yaya an ce TP ɗin mako mai zuwa kowa ya zo da safar hannu da jaka biyu na sinadari, in ba haka ba a allo za a yi.